Yadda Maikano Ya Cika wa Sahiya Mota

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Dogarawa ya ji muryar Maikano tun kafin ya ga fuskarsa. "Konni! Konni saura mutum guda! Ina 'yan Tawa?" Ɗan kamasho ne, aikinsa kiran fasinja da cika mota. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hula kullum a ƙeya. Taubashina ne, ɗan gwaggota, don haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Ni ce Gimbiya mai shinkafa da wake, rumfata tana kallon inda ake lodi.

Lakwal, wato makarantar boko, bai daɗe ciki ba ubansa ya ciro shi ya kai shi gona. Noma bai karɓe shi ba, sai ya ce karen mota zai zama. Tafiyar farko, ba su kai Malbaza ba ya amayar da abin da ya ci tun shekaranjiya. Aka gwada lemun tsami, aka gwada goro, aka gwada rubutu. Ina! Mota na motsawa cikinsa zai juya. Shi ke nan ya zauna tasha. Mutumin da ya tsufa yana tura mutane Yamai da Agadas da Sakkwato, shi kansa Konni ma sai ta kama dole, kuma da leda a hannu.

Amma a cika mota ba shi da na biyu. Fasinja ba ya son shiga mota wayam, don ya san zaman jira ne. To Maikano sai ya kwaso 'yan zaman kashe wando na bakin tasha ya zuba su ciki, kowa da ƙullin tsumma a cinya kamar matafiyi. Baƙo ya leƙo ya ga saura kaɗan, sai ya biya ya shiga. Da an samu na gaskiya guda, na ƙarya guda zai ce bari ya kama ruwa, ba za a sake ganinsa ba. Na sha ce masa, "Kai dai ranar lahira sai an ware maka layi naka." Dariya kawai yake yi, ya miƙo kwano.

'Ya'yansa biyu. Babban, Muktar, ya ce zai je Aljeriya neman kuɗi. Maikano da hannunsa ya ɗaure masa jaka a bayan mota. Yau shekaru ke nan, sai waya ranar salla, wata sallar ma shiru. Saura ɗiyarsa Sahiya, wadda tun tana rarrafe ba ta yin komai sai ta ce, "Baba, mi ka gani?" Ko atamfa za ta saya sai ta kawo masa tasha ya duba, shi da ba ya bambance shuɗi da kore.

Shekarar da Sahiya ta ci bak, wato jarrabawar shiga jami'a, Maikano ya yi kwanaki yana kiran sunanta a tsakiyar kiran fasinja. "Konni, Konni! Ɗiyata ta ci bak!" Murna ba ta gama sauka ba matsala ta taso. A jami'ar Tawa akwai karatu biyu da take iya shiga. Ɗaya ekonomi, ilimin tattalin arziki. Ɗaya komas, ilimin kasuwanci. Ta zo rumfata inda take taya ni saida abinci lokacin hutu, ta tsuguna gaban ubanta.

"Baba, wane zan ɗauka?"

Ya dube ta, ya dube ni. "To mi ya raba su? Arziki ba da kasuwa aka samu nai ba?"

Ta yi bayani iyakar saninta. Ta ce ekonomi shi ne ka gane abin da ya sa in naira ta faɗi, gero ya canza farashi a Konni. Komas kuma shi ne ka iya riƙe kanti ko kamfani, ka san saye da sayarwa. Wallahi ni a kunnena duk kanwar ja ce. Kuma yarinyar duka biyun suna jikinta. Tana iya tsare direba da tambaya kan tsadar mai har ya manta da abincinsa. Ita ce kuma ta ce in riƙa soya wa direbobin siminti ƙwai da safe, cinikina ya ƙaru.

Maikano ya ce ta ba shi lokaci. Daga ranar duk fasinjan da ya sauko da tabarau ko jakar takardu ya shiga uku. Wani mushe, malamin lakwal daga Illela, ya ce ekonomi ne uwa, komas ɗa. Wani ma'aikacin buro, wato ofis, ya ce ƙarya ne, masu ekonomi sun cika Yamai suna yawo da takarda a hammata. Wani jandarma ya ce duk ta bar su ta yi likita. Wani Alhaji mai albasa ya ce shi bai karanta ko ɗaya ba, ga shi da manyan motoci. Kullum da yamma Maikano zai zauna a bencina ya dafe kai.

"Gimbiya, kaina ya ɗaure. Kowa da tashi."

"Kai da ka san hanyar ko'ina?"

"Wagga hanya ba mota ka bin ta ba."

Har ya taɓa tambayar ko ana iya haɗa su, yadda ake shuka gero da wake a gona guda. Sahiya ta ce ba a yi. Ya ce to waɗanda suka tsara abin ba su taɓa ganin fari ba.

Sai wata rana wata mata mai aikin banki ta tsaya cin abinci, motarsu na shan iska. Maikano ya kawo mata tambayarsa. Ta ce ita a ganinta, mai ekonomi in ya yi nisa Yamai zai nufa, manyan buro, wani har ƙasar waje. Mai komas kuwa ko'ina ake ciniki zai samu wuri, ko nan Malbaza wajen dillalan siminti. Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa, ita ma ta ce ganinta ne. Amma na ga fuskar Maikano. Nan take ta canza.

Daga wannan rana abin mamaki ya fara. Duk wani mai fararen kaya da ya zauna cin abinci a rumfata, sai ya ɗago kai ya ce wa Sahiya, "Ke ce kika ci bak? Madalla. Ki yi komas, shi ke da gaba." Wani mai farar shadda ne ya fara, daga nan yau mutum, gobe mutum. Mai zuwa Madawa komas, mai zuwa Konni komas. Yarinya ta fara cewa, "Gwaggo, kin ga duk masu ilimi bakinsu ɗaya." Tana faɗa ba fara'a a fuskarta. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza.

Na sa ido. Ashe duk wanda ya ce komas, in an tashi lodi, shi ke gidan gaba kusa da direba, inda ƙafa ke miƙewa. Abin ya fito fili ranar da wani bawan Allah ya rikice. Maikano ya gaya masa abin da zai ce a bayan mota, kafin ya iso rumfa ya manta wanne ne, ya ce, "'Yata, ki yi ekonomi." Ina kallo Maikano ya tura shi can ƙurya, tsakanin buhun albasa da akuya.

Na aiki Sahiya gida ɗauko mai, na kira shi. Raina a ɓace yake.

"Kai, tsohon banza! Ɗiyar cikinka za ka cika wa mota da fasinjan ƙarya?"

Ya yi tsuru-tsuru. Ya fara rantsuwa, na ce ya rufa wa kansa asiri. Sai ya zauna, ya cire hula, abin da ban taɓa gani ba a tasha.

"Gimbiya, Muktar ni na ɗora shi. In wagga ta tahi Yamai, wa zai kai ni? Malbaza ko da ƙafa ina zuwa."

Na ji tausayinsa, na ji haushinsa, na rasa wanda ya fi. Da na san ekonomi ne alherinta da na tona shi nan take. To ban sani ba. Watakila ƙaryar tasa ta faɗa kan gaskiya, wa ya sani? Abin da na iya ce masa shi ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya gaya mata da bakinsa kafin ta je rubuta suna, in ba haka ba ni zan gaya mata. Ya ce to. Ya yi ta cewa to har ranar tafiya ta zo.

Da safe aka yi lodin motar Tawa. Sahiya ta sha wanka, uwarta ta ƙulla mata ƙuli-ƙuli da yaji. Kafin ta shiga ta durƙusa ta ce, "Baba, komas zan rubuta, tunda kowa shi ya ce." Mota ta cika maƙil, direba ya tada inji. Maikano na riƙe da ƙofa bai rufe ba. Fasinja suka fara surutu. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, kaji na cikin kwando suna mutuwa!" Direba ya danna oda. Ni kuma na ajiye ludayi na miƙe, ya gan ni.

Sai ya sunkuya ya sa kai cikin mota, a gaban kowa.

"Sahiya, mutanen nan da sunka ce miki komas, ni na aiko su. Gidan gaba na ba su. Kada ki lissafa da su."

Ta dube shi. "Duka, Baba?"

"Tun daga mai farar shadda."

"To don mi?"

"Don kada ki yi nisa."

Idonta ya cika da hawaye. "To yanzu wane zan ɗauka?"

"In kin je ki tambayi na can. Ki ɗauki wanda ranki ya kwanta da shi, ko ina zai kai ki."

Ya rufe ƙofa, ya buga bayan mota. Fasinjan da ke ciki kuwa tuni sun kaure da gardama, wannan na cewa ekonomi, wancan na cewa komas, har da tsohuwa mai kaji. Haka yarinya ta tafi, kanta ya fi na jiya ɗaurewa. Maikano ya tsaya a rana yana kallon hanya, sai da na kira shi ya zo inuwa.

Washegari ta bugo waya. Ta rubuta komas.

Na zaci zai yi rawa. Sai ya riƙe wayar yana cewa, "Na ce miki ƙarya ce fa. Kin ji ni kuwa? Inji na ƙara lokacin." Ta ce ta ji. Ya ce to don me? Ta ce haka nan, layin ya yanke. Ya juyo wurina ya ce, "Gimbiya, ita ta so, ko don ni ne?" Na ce ina zan sani, ni da ke tuƙa shinkafa.

Ta gama karatunta lafiya. Yanzu tana Malbaza, tana riƙe da buron wani ɗan kasuwa mai saida siminti, kuma ana yabon aikinta. Duk Lahadi tana zuwa Dogarawa da nama da sabulu. Abin da Maikano ya nema ya samu, babu ragi. Mutane na ce masa ya yi sa'ar ɗiya, yana amsawa da alhamdu lillahi. Amma ni da ke kusa na san bai samu kwanciyar rai ba. In rediyo na maganar farashi ya ga ta tsaya cak tana saurare, sai ya tsargu. In ta yi dariya tana ba da labarin ciniki, sai ya ɗan saki. Ni ma na taɓa jan ta gefe na tambaye ta. Ta ce, "Gwaggo, wani lokaci ina ganin ni na zaɓa, wani lokaci ban sani ba."

Lahadin da ta wuce suna zaune a bencina, ta zuba masa abinci da kanta. Ya daɗe yana juya cokali.

"Sahiya, tsakaninki da Allah. Da ban ce miki kada ki yi nisa ba, wane za ki ɗauka?"

Ta gyara masa hular da ta karkace, ta tura kwanon gabansa.

"Baba, ci abincinka kada shi huce."

Motar Malbaza na can ta kusa cika, direba na nemansa. Bai tashi ba, kuma bai ci ba.