Wutar da ba ta ƙifta ba

Akwai wata Laraba da har yau ba ta fita raina ba. Tunda ku biyu kun zo koyon aiki a biron nan, ofishinmu na Tawa, gara in rubuta muku ita kafin ku zauna gaban ordinata, wato kwamfuta.

Ni ban yi nisa a lakwal ba. Daga aji shida na tsaya, wata maƙwabciya ta koya mini keken buga takarda. Da shi na samu shiga aikin awon yara, a kan gwajin wata uku. Lokacin maigidana ya tafi bidar kuɗi Abijan, shiru ba wasiƙa, ga ɗiyata Mariyama ba ta kai wata takwas ba. Kullum in kai ta wajen Inna, in taho rabin hankalina na can.

Ga yadda aikin yake. Ma'aikatan lafiya suna zagaya ƙauyukan Affala da Kalfu suna auna yara. Kowane yaro da katinsa, muna ce masa fishi: sunansa, sunan uwa, ƙauye, nauyi. Direba ya kawo fishin Tawa, ni in shigar cikin ordinata, ranar Alhamis a kwafe a faifan disketi, mota ta kai Yamai. Da jerin nan ake ware yaran da za a ba garin kunu.

Ordinatar sabuwa ce. Wani Bubakar ya kawo ta daga Yamai, ya dasa furogiram ɗin awon a ciki, ya yi kwana biyu yana koya mini. In buga, in danna wurin ajiya, gilashin inji ya rubuto da faransanci cewa an ajiye. Da zai tafi ya ba ni kalmar sirri tawa, wadda zan buga da sunana kafin inji ya buɗe. Tasa kuwa ya rufe ta a ambulan ya ba shef ɗinmu, shugaban biro, Mushe Sule.

Litinin na buga fishi tun safe har la'asar. Inji ya ce an ajiye. Na kashe, na lulluɓe shi da zane. Talata na buɗe, babu ko suna guda sai na gwajin da muka yi da Bubakar. Ban gaya wa kowa ba, na ce ƙila ni na taɓa wani abu. Na sake daga farko, ko nono ban je na ba Mariyama da rana ba, har gaban rigata ya jiƙe.

Laraba da safe, wayam.

Ina zaune gaban inji, Mushe Sule ya leƙo.

"Rakiya, ina muka kwana?"

Na nuna masa gilashi.

"Kwana biyu kina ƙwanƙwasar abin ga. Mi kike bugawa?"

"Wallahi Mushe na buga. Shi ya ce an ajiye."

"Inji ba shi ƙarya. Akwai yarinya mai birebe, shaidar sakandare, da ta kawo takardunta tun watan jiya. In mota ta tashi gobe ba disketi, ki aje mabuɗin biro bisa tebur."

Bai ɗaga murya ba, shi ya fi ba ni tsoro. Na zauna ina tunanin abin da zan ce wa Inna. Ko na sake bugawa karo na uku, gobe haka zan tarar.

Ni dai Allah bai ba ni karatu ba, amma ina da kallo. Na tuna rana ta biyu ta koyo Inna ba lafiya, na zo da Mariyama na shimfiɗa ta ƙarƙashin tebur. Duk lokacin da Bubakar ya danna ajiya, wata ƴar wuta a jikin akwatin inji sai ta ƙifta, a ji kirr, yarinya ta miƙa hannu za ta kama. Na buga suna guda, na danna, na duƙa ina kallo. Gilashi ya ce an ajiye. Wutar ko motsi.

Na gwada sau uku, sannan na je ƙofar shef.

Ku sani, shef ba ya buga takarda. Aikin sakatera ne. A gan shi gaban maɓallai kamar a gan shi da taɓarya yana daka. Amma na ce, "Mushe, ku yi haƙuri, ku zo ku buga suna guda da hannunku."

"Ni?"

"Guda tak. In ya zauna, in tahi yau, ba sai gobe ba."

Ya zo, ya tura ƙofa don kada direba ya gani, ya zauna. Da yatsa guda yake farautar haruffa, ni ina tsaye ina kallo. Ya sa Sule, ƙauye Affala, ya danna. Muka kashe muka kunna.

Babu Sule.

"To," in ji shi, "ni ma ya haɗiye ni."

Na ce masa wutar tana ƙiftawa lokacin da Bubakar yake ciki da sunansa. Ya ɗauko ambulan daga aljihun tebur ya yage. Muka shiga da sunan Bubakar, na buga, wuta ta ƙifta, kirr. Aka kashe aka kunna, suna na nan.

Shef ya kira Yamai da tarho, ya miƙo mini kan. Bubakar ya ce furogiram ɗin yana ajiye aikinsa a ɗakin da aka dasa shi cikin inji, kuma ɗakin babban suna irin nasa kaɗai ke da izinin rubutu a ciki. Ƙaramin suna irin nawa sai dai ya duba. Waɗanda suka ƙera shi ba su sa shi ya bincika ko rubutun ya shiga ba, kawai ya ce an ajiye. Shi kuma duk koyarwar da sunansa ya yi ta, ya manta bai buɗe mini ɗakin ba. Ya yi ta gaya mini abin da zan danna har aka buɗe.

Saura fishin kwana biyu a yini guda. Mushe Sule ya jawo kujera yana karanto mini, ina bugawa. Da azahar ya dubi rigata, ya kau da kai, ya aiki direba ya ɗauko Inna da Mariyama. Kafin magariba muka gama. Alhamis disketi ya bi mota, mabuɗi yana ɗaure a bakin zanena.

Shef bai taɓa ce mini ki yi haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Abin da na koya shi ne, a aikin nan in inji da ƙaramar ma'aikaciya suka saɓa, inji ake gaskatawa, sai in tana da abin nunawa. Don haka duk wanda ya dasa muku sabon furogiram, kada ku bari ya hau mota sai kun shiga da sunanku, kun buga, kun kashe, kun kunna a gabansa.

In kuma kun ga na danna ajiya na duƙa ƙarƙashin tebur, ba takalmina nake nema ba.