Ramar da Muka Yi wa Barka

Yayana direban tarakta ne a gonakin dawa na wajen Doka. Ƙato ne, mai cin tuwon asida har ya suɗe kwano, sigari kuwa ba ya barin bakinsa sai in zai yi salla. Shekarar da ya yanke jiki ya faɗi a gona, aka kai shi Khartoum, likita ya ce jijiyoyin zuciyarsa sun toshe. Aka yi masa aiki, aka sallamo shi da ƙwayoyi da gargaɗi: ya bar taba, ya rage ƙiba.

Yaya bai bar komai ba. Sigarin ma bayan rumbu ya koma sha, yana zaton ba ma jin warin.

Bayan yaƙi ya ɓarke, gidanmu na Gadarif ya cika da dangi masu gudun hijira, sai Yaya ya fara ramewa. Nan fa aka hau yi masa barka. Matarsa ta riƙa kai jallabiyoyinsa wurin tela ana rage su, tana faɗa wa maƙwabta da alfahari. Kawunmu ya dafa shi ya ce, "Ma sha Allah, ya zol, mutumina, yanzu ka ji maganar diktor." Tari ya kama Yaya, aka ce zuciyar ce. Ya daina gama abincinsa, aka ce ai haka ake so. Likitan unguwa ya saurari ƙirjinsa ya ce zuciya kwayyis, lafiya lau, a ci gaba da ƙwayoyi.

Na ce, "Yaya, kai da ba ka bar mai ba, ba ka bar sukari ba, me ke cin ka haka?" Dariya ya yi. Kawu ya ce ban iya fatan alheri ba. Har yau in na tuna wannan magana raina ɓaci yake.

Wata likita da yaƙi ya koro daga Madani ce ta shigo shan gahawar jabana wurin matar Yaya, ta gan shi a zaune. Ta ce, "Mai toshewar jijiya, balle mai shan taba, ba zuciyarsa kaɗai ake dubawa ba. Abin da ya toshe jijiyar nan, shi ma yana kiran saratan, wato ciwon daji. Ku kai shi hoton ƙirji." Aka kai shi. Ciwon daji ne a huhu, kuma ya riga ya bazu.

A zaman makoki na jiyo Kawu yana faɗa wa baƙi, "Ai dama mai ciwon zuciya ne." Na ɗaga murya daga cikin mata na ce, "Kawu, zuciyarsa ba ta gaza ba. Ita kaɗai kuka tsaya gadi." Aka ce in yi haƙuri, baƙin ciki ne.

Da matar Yaya ta fito da jallabiyoyinsa za a yi sadaka, aka zaga dangi kaf, ba a sami namiji babba ko ɗaya da za su shige shi ba.