Ranar da Baba Ya Cire Wayoyin Fulogi

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare lokacin da cikin Umma ya shiga watan haihuwa. A haihuwar da ta gabata ta zubar da jini sosai, don haka a wajen awo aka gargaɗe ta: da ta ji naƙuda ta taho asibiti, kada ta tsaya a gida. Tun daga ranar Baba ya riƙa ajiye tsohuwar motarsa a ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Durbi, gabanta na kallon titi, tankinta cike.

Sai motar ta fara tari. In an kunna ta da safe takan girgiza har carbin da ke rataye a madubi ya riƙa bugun gilashi.

Wata Asabar da hantsi Baba ya dawo da sababbin fulogi da wayoyinsu a leda. Umma ta leƙo daga zaure, hannunta a ƙugu.

"Malam, ka bari Litinin ka kai gareji mana."

"In kai su ce in dawo jibi? In abin ya tashi tana can fa? Fulogi ne, ba tiyata ba."

"To likita, Allah ba da sa'a."

Ina kan dakali ina wanke safar makaranta. Baba mutum ne mai son tsari. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya zare tsofaffin wayoyin gaba ɗaya ya jera su, sannan ya kwance fulogin da sifana. Bakinsu baƙi ƙirin, ɗaya jiƙe da mai. Ya ɗaura sababbin. Da ya ɗauko sababbin wayoyin sai ya tsaya. Kowace waya tana da ramin da take shiga a kan distributa, abin da ke raba wa fulogi wuta, ramukan kuwa duk kamarsu ɗaya. Ashe ɗaya bayan ɗaya ake canza su don kada su rikice. Na ga ya goge goshi da bayan hannu, baƙin mai ya zauna a wurin.

Ya soka su yadda ya ga ya dace, ya murɗa makulli. Motar ta yi gurnani ta ƙi tashi. Ya sauya biyu, ya sake murɗawa. Sai salansa ta buga ƙara kamar bindiga.

A shekarun nan ba a wasa da irin wannan ƙara a Katsina. Mai kantin da ke kallonmu ya ja ƙofarsa. Yaran da ke wasa suka watse, aka bar takalmi ɗaya a tsakiyar hanya. Can Alhaji maƙwabcinmu ya leƙo da rabin fuska.

"Malam, mi ya faru? Na ɗauka 'yan bindiga sun shigo gari."

"Mota ce, Alhaji."

"To ka gaya mata ta bari, hawan jini gare ni."

Baba ya yi dariya, amma ba ta kai idonsa ba. Ya ci gaba da sauya wayoyin. Duk murɗawar da ya yi, gurnanin sai ya ƙara rauni, don batir ya fara mutuwa.

A cikin gida kuma ƙarar tsintsiyar Umma ta tsaya. Na jira ta ci gaba, ba ta ci gaba ba. Da na shiga na tarar da ita ta dafa bakin randa, zaninta a jiƙe.

"Kira min Babanki," ta ce. "Kar ki ruga."

Da na gaya masa, Baba ya sake murɗa makulli. Wannan karon ko gurnanin babu, sai ɗan ƙas kawai. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune da mu, ta fita titi neman Keke Napep. Lokacin sallar azahar ne, hanya ba kowa. Ta daɗe kafin ta dawo da ɗaya. Aka ɗora Umma a baya tana cizon gefen mayafi, Gwaggo na gefenta. Baba ya matsu kusa da direban, hannuwansa baƙi, ya rasa inda zai ajiye su. Na bi su da ido, keken na faɗawa kowane rami, har suka sha kwana.

Bayan la'asar Gwaggo ta bugo wa matar Alhaji waya. Umma ta sauka, namiji ne, amma jini ya ƙi tsayawa, ana neman masu bayarwa. Alhaji na jin haka ya miƙe. Ya sa takalmi, ya kira manyan 'ya'yansa suka fita.

Umma ta dawo gida ana gobe suna, ta yi fari fat, tana bin bango. Jaririn yana hannun Gwaggo. Matan da suka zo barka a kwance suka same ta.