Mai Fanka da Akwatin Jin Kuka

A layinmu kowa Mai Fanka yake ce masa. Ni kuwa Yaya nake ce masa, don shi nake bi. Tun muna yara hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da ya ga yana juyawa ko yana ƙara, sai ya kwance shi ya ga abin da ke ciki. Yana ɗan firamare ya sauko da agogon bangon Baba, ya zazzage kayan cikinsa a kan tabarma, ya mayar da su kafin Baba ya dawo. Agogon ya ci gaba da aiki, sai dai ya koma gudu. Baba ya daɗe yana isa wurin aiki tun mai gadi bai buɗe ƙofa ba, yana ta faɗan mutanen yanzu ba sa mutunta lokaci.

Da ya girma sai ya kama shago a ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai wanki da guga da mai sayar da fenti. Shagon ɗan tsukuku ne. Fankoki a rataye a rufi kamar jemagu, gwangwanayen madara cike da ƙusoshi a jere a kan kanta, ga warin dalma da ba ya barin rigarsa ko an wanke. Gyaran fanka da rediyo da dutsen guga shi ke ciyar da gidansa, amma zuciyarsa tana can ƙarƙashin tebur, cikin wani kwali da yake tara tarkacen da masu shi suka haƙura da su. Da wannan tarkacen yake ƙere-ƙerensa idan kasuwa ta yi sanyi.

Ba duka suke yin kyau ba, gaskiya. Ya taɓa haɗa wa matarsa igiyar shanya mai janye kaya zuwa ƙarƙashin rumfa da kanta idan ruwa ya ɗiga a kan wasu wayoyi biyu. Ta yi aiki ranar farko. Washegari tantabara ta yi kashi a kan wayoyin, igiya ta kwashe jiƙaƙƙen wanki da rana tsaka ta jibge a kan murhu. Matar Yaya ta tsaya riƙe da ƙugu ta ce, "Maigida, don Allah ka bar min igiyata ta da. Ita ba ta da wayo, amma ba ta taɓa ƙona min zane ba."

'Yarsu ɗaya ce. Tana fara tafiya wani zazzaɓi mai zafi ya kama ta, da ta tashi sai aka ga ana kiranta ba ta waiwayowa. Jinta ya tafi ke nan. Matar Yaya ta yi kuka har ta gaji. Shi kuwa da lokacin makaranta ya yi sai ya kai ta makarantar kurame, ya roƙi malamar ta bar shi ya riƙa zama a bayan aji. Haka zai rufe shago da hantsi, ya je ya takure a kan bencin yara, gwiwoyinsa suna neman taɓa haɓarsa, yana koyon maganar hannu. Shi ya koya mana duka a gida. Yarinyar kuwa idan tana ba da labari hannuwanta tashi suke kamar fukafukai, shi ya sa ya sa mata Tsuntsuwa, sunan ya bi ta har yau.

Tsuntsuwa ta koyi ɗinki, ta kuma ƙware. Ta auri wani kafinta da suka yi makaranta tare, shi ma kurma, mutum mai haƙuri da yawan murmushi. Suka kama ɗaki da falo a wani gidan haya ba nisa da mu. Da ta haifi ɗa namiji, Yaya ya ɗauke shi ya juya shi ya ce tunda uwar Tsuntsuwa ce, wannan ai Ɗan Tsako ne. Likita ya gwada ya ce yaron yana ji garau. Muryarsa kuwa, in ya buɗe baki, har bakin titi.

Da farko matar Yaya tana can tare da su, ita ce kunnen gidan. Bayan ta koma gida ne abin ya faru. Wata rana da azahar Tsuntsuwa ta kwantar da yaron a ɗaki ya yi barci, ta fito falo ta hau keken ɗinki don akwai kayan mutane da ta yi alkawari. Tana leƙa shi lokaci-lokaci. Sai wani aiki ya ɗauke mata hankali, cinnaka kuwa ya shiga rigar yaron. Ya yi ta tsala ihu har muryarsa ta dushe. Maƙwabciyarsu ta buga ƙofa ta gaji, ta zagayo ta taga ta riƙa kaɗa mayafi har Tsuntsuwa ta ɗago kai. Ba abin da ya sami yaron sai 'yan ƙuraje a wuya, amma kafin la'asar labari ya gama gidan haya ya iso gidanmu.

Da yamma muka haɗu a falonsu. Matar Yaya ba ta yi faɗa ba, cikin lallashi ta yi maganar, baki da hannu a tare.

"Ki ba ni shi ya zauna wurina har ya yi wayo. Kullum za ki zo ki gan shi. Yau cinnaka ne, gobe fa?"

Tsuntsuwa ta ƙanƙame yaron da hannu ɗaya, ta yi magana da ɗayan. "Ɗana ne. Ni zan raine shi."

"Ba wanda ya ce ba naki ba ne, 'yar nan. Amma ba ki jin kukansa."

Kafinta ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Matar Yaya ta juyo wurina ta ce, "Goggonsu, ki sa baki mana." Ni kuwa kowacce na duba sai na ga tana da gaskiya.

Yaya ne ya yi gyaran murya. "Ku ba ni 'yan kwanaki. Kafin nan, Goggonsu ta riƙa wuni a nan."

"Maigida," in ji matarsa, "wannan fa jariri ne, ba wanki ba."

"Na sani," ya ce. Bai yi dariya ba.

Haka na koma wuni a gidan Tsuntsuwa, shi ya sa komai a gabana aka yi. Abin da ya fara kawowa wani ɗan akwati ne da ya ciro wa makirfo daga tsohuwar rediyo mai kaset, ya ja waya daga ɗaki zuwa falo, ya ɗaura jan ƙwan fitila a bango. Idan yaro ya yi kuka, fitila za ta kama. Ta kuwa kama. Sai dai idan zakaran maƙwabta ya yi cara ma kamawa take. Babur ya wuce, ta kama. Aka rufe ƙofa da ƙarfi, ta kama. Ni kaina na yi atishawa, Tsuntsuwa ta watsar da almakashi ta ruga ɗaki. Kafin yamma ta yi sintiri har ƙafafunta sun gaji, yaro kuwa yana ta barcinsa. Da kukan gaskiyar ya zo, kanta yana sunkuye a kan allura, ba ta ma ga fitilar ba.

Yaya ya zauna a ƙasa yana kallon akwatin kamar wanda aka yi wa rashin kunya. Tsuntsuwa ta zo ta durƙusa kusa da shi da yaron, wanda bai gama shessheƙa ba. Ta kama hannun mahaifinta ta ɗora a ƙirjin jaririn, ta bar shi a nan. Sannan ta ce, "Baba, ni a nan nake jin sa. Idan yana bayana, tun kafin ya buɗe baki na sani. Ido yana da aikin yi. Ka sa jikina ya ji."

Yaya ya dubi hannunsa a ƙirjin yaron. Sai ya buga cinyarsa ya miƙe, ko sallama bai yi mana ba.

Ya bi masu gyaran waya ya karɓo matattun wayoyi, ya ciro ɗan abin nan da ke sa waya rawa idan an kashe mata ƙara. Ya samo ƙararrawar ƙofa irin wadda ba ta da waya, ya cire mata bakin da ke kiɗa, ya sa mai rawar a madadinsa, don akwatin ya riƙa taɓo shi daga ɗaki. Wannan ɓangaren bai ba shi wuya ba. Wuyar ita ce koya wa akwatin bambanta kukan jariri da hayaniyar duniya.

Ya zo ya ɗauki kukan Ɗan Tsako a wayarsa, na yunwa da na fitsari da na rigima kawai. Ya ɗauki babur, ya ɗauki zakara, ya ɗauki ƙofa. A shago ya riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya yana kallon allurar mitarsa ta awon wuta tana motsi. Wata rana na biya da kwanon abincinsa, ya jawo ni ciki da murna kamar yaro.

"Zo ki gani. Ƙofa ƙararta gajeruwa ce, bum, ta wuce. Babur muryarsa ƙasa-ƙasa take. Shi kuwa wannan ɗan nema, muryarsa siririya ce, kuma ba ya gajiya, yana yi yana ƙarawa. To zan sa akwatin ya toshe kunne ga mai kauri, ya kuma ɗan jira. Sai siririyar ƙara ta nace sannan ya yarda."

Batirin wayarsa ya mutu ana cikin gwaji, shi kuwa bai iya jira ba. Sai ya sa bakinsa kusa da makirfo ya shiga kukan jarirai da kansa, dattijo da furfura a gemu, yana "inyaa, inyaa" iya ƙarfinsa. Mai wanki da guga ya leƙo da dutsen guga a hannu, ya dube shi, ya dube ni.

"Lafiya kuwa, Mai Fanka? Ko a kira maka mama?"

Har yau in suka haɗu sai ya tambaye shi ko an ba shi nono.

Kafinta ya ƙera wa na'urar gida na katako mai santsi, ba kusurwa mai kaifi, da maƙali a jikin gadon yaron. Tsuntsuwa ta ɗinka wa ɓangaren mai rawar wata 'yar jaka mai laushi da maɗauri, ta ɗaura a damtsenta. Ta mayar wa mahaifinta da shi sau da yawa: ya yi nauyi, yana zafi, rawar ta yi rauni idan keke yana aiki. Kowane karo ya karɓa ya koma shago ba gunaguni.

Ranar da aka yi gwajin ƙarshe matar Yaya ta zo da kanta, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta harɗe hannu. Yaro yana barci a ciki. Tsuntsuwa ta juya mana baya tana ɗinki. Yaya ya buga ƙofa da ƙarfi, ba ta motsa ba. Ya saki faranti a ƙasa, shiru. Babur ya wuce, ƙafarta ba ta bar feda ba. Muka zauna muna jira har na fara jin barci. Can sai yaron ya motsa, ya yi ɗan ƙorafi, sannan ya saki muryar nan tasa. Matar Yaya ta yunƙura za ta tashi, Yaya ya riƙe mata gefen mayafi. Kafin ta fizge, keken ya tsaya. Tsuntsuwa ta dafe damtsenta, ta miƙe, ta wuce ta gaban mahaifiyarta ta ɗauko ɗanta.

Ta fito da shi a kafaɗa tana jijjiga shi, hawaye yana zuba, tana dariya. Matar Yaya ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "To, Allah ya raya." Da ta juya ga mijinta sai ta ƙara da cewa, "Kai kuma sai ka riƙa duba batirin nan, na san halinka."

Akwatin bai cika ba tukuna. Kyanwar gidan tana yaudararsa idan ta yi kukan nan nata mai kama da na mutum, kuma bango mai kauri yana rage masa ƙarfi. Amma maganar ɗauke yaro ba ta sake tasowa ba, ni ma na koma harkokina.

Tsuntsuwa ta je taron tsofaffin ɗaliban makarantarsu da abin a damtse, aka yi ta taɓawa ana tambaya. Bayan nan sai ga ma'aurata suna zuwa shagon, wasu da ciki, wasu da goyo. Suna mamakin ganin mai gyaran fanka yana amsa musu da hannu tiryan-tiryan. Yanzu Yaya yana haɗa cikin, Kafinta yana yin gidan, Tsuntsuwa tana ɗinka maɗaurin. Idon Yaya ya fara rauni, don haka ya zaunar da surukinsa yana koya masa riƙe ƙarfen dalma, su biyu a kan benci ɗaya, ba ka jin komai sai ƙarar fanka.

Ɗan Tsako kuwa ya fara tafiya, ya kuma gano sirrin akwatin da kansa. Jiya na je gidan na tarar da shi tsaye a jikin gado, ya manna baki a katakon yana tsala ihu, idonsa ƙuri a kan ƙofa, ba ɗigon hawaye. Uwar ta shigo da gudu da tef ɗin awo a wuya, shi kuwa ya kece da dariya ya miƙa mata hannu. Ta ce haka yake mata wuni guda, ɗinki ya gagara. Da na kai wa Yaya ƙara, sai ya ajiye abin da yake yi, ya sosa gemu, ya ce in ɗauko masa ihun ƙaryar a waya, yana so ya ji ko ya bambanta da na gaskiya.