Mai Sauraron Dutsen Wasa

Jiya mai shayi ya buga cokali a jikin kofi, sai siririyar ƙarar ta sa na ajiye burodin da ke hannuna. Baba ne na tuna, mai wasa wuƙaƙe, wanda na daɗe ina walda kusa da rumfarsa a Tudun Wada.

Ba ya ɗaura sabon dutsen wasa a inji sai ya rataye shi a yatsa, ya ƙwanƙwasa da ƙotar sukuddireba, ya kara kunne. In ya yi ƙara garau, ya ɗaura. In ya yi dum, ya jefar.

"Ƙarfe yakan miƙe kafin ya karye, ka gani ka kauce," in ji shi. "Dutse ba ya miƙewa. Gudu na jansa tun daga tsakiya, yana shiru, sai ya tarwatse."

Da maƙwabcinmu ya ɗaura ƙaton dutse a inji mai gudun tsiya, Baba ya leƙa. "Malam, rage gudun nan, dutsen ba zai ɗauka ba."

"Baba, aiki ya yi yawa," ya amsa yana dariya.

Dutsen ya fashe, gutsurensa ya huda langa-langan da ke tsakaninsu, ya sami Baba a wuya. Har yau warin ƙonannen ƙarfen yana hancina.

Aka ce ƙaddara ce. Ban musa ba, amma mutumin ko sadakar bakwai bai jira ba ya sake tayar da injin.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa. Ni kuma ya yaye min abin da ke taso min kullum in maƙwabcin nan ya miƙo min hannu.