Saje Dabo da Jiragen Masar

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ana kiran sallar la'asar, Allah ya karɓi ran Saje Dabo, tsohon soja mai gyaran rediyo a Ƙofar Durbi, yana da shekara saba'in da takwas.

Baba Saje, ni ne Mati, shugaban ƴan acaɓan da ke tsayawa gaban shagonka. Akwai maganar da girman kai ya hana ni faɗa maka kana raye, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da ƴan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu, kai ka buɗe mana zaurenka muka zuba kaya, ba ka tambayi ko sunan ubanmu ba. Wanda ya ji ciwo, kai ke wanke masa da ruwan gishiri kana yi masa tsiya. Abu ɗaya ne ya ishe mu da kai: labarin yaƙin kwana shida na 1967, shekarar da ka shiga soja. Kullum sai ka zana Masar da Isra'ila a ƙasa da tsinke.

Kakan ce ba yawan makamai ya raba gardama ba, domin Larabawa sun fi yawa. Masar ta ɗauka da asuba za a kawo mata hari, sai jiragenta su yi sintiri da sassafe, su sauka, matuƙa su tafi karin kumallo. Abokan gaba suka karance wannan ɗabi'a. Suka biyo ta teku ƙasa-ƙasa yadda na'ura ba za ta hango su ba, suka tarar da jirage jere a fili. Suka fara farfasa titin tashi, sannan suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar sojan ƙasa ba shi da mai kare shi ta sama, rediyon Alƙahira kuwa yana ta shelar nasara.

Bana, da gero ya nuna, mu goma sha biyu muka shirya mu riƙa kai mutane yankan gero a gonakinmu na ƙauye. Ka tambaye ni tsari. Na ce muna zaga daji bayan asuba, ƙarfe takwas mu jera babura gindin tsamiya mu sha koko.

Ka ajiye abin da ke hannunka. "Kullum ƙarfe takwas? Mati, ku ne Masar. Ku canza lokaci, ku rarraba baburan nan."

Raina ya ɓaci. A gaban yarana na ce maka tsufa ya sa ka koma yabon Yahudawa. Ka ce, "Na yi kuka a kan yaƙin nan kafin a haife ka. Wanda ya ƙi sanin yadda aka ka da ɗan'uwansa, shi ma haka za a ka da shi." Daga ranar na daina gaishe ka.

Ƙanena Abbas ne kaɗai ya ji. Shi da mutum biyu suka riƙa ɓoye baburansu a kwazazzabo, ina yi musu dariya. Rana ta biyar, kofi na hannuna, harbi ya tashi daga cikin dawa. Ƴan bindigan ba su ko kalle mu ba da farko, tsamiya suka nufa. Babur tara suka kama wuta muna gani. Mutum arba'in, har da mata, a fili, ba abin hawa. Baburan nan uku su suka yi ta jigilar waɗanda aka harba zuwa bakin kwalta, saura muka kutsa cikin kara. Furera, matar ƙanen babana, ba ta kai ba.

Ina kwance a rami wayarka ta shigo. Kunya ta sa na ce lafiya lau, mun kore su.

"Kada ka yi mini rediyon Alƙahira," ka ce. "Babur nawa ya rage?"

"Uku."

"To, masu jini tukuna. Zan nemo mota ta tare ku a kwalta."

Ka kuwa nemo. Da ka yarda da ƙaryata, da ba Furera kaɗai muka binne ba. Duk da haka sati uku ina kewaye shagonka, kullum ina cewa gobe zan durƙusa in nemi gafara. Ranar da na zo, na iske an riga an lulluɓe gawarka.

Jibi za mu koma yankan dawa, domin in ta tsaya a gona yunwa ce. Tsoro nake ji, Baba Saje, ba zan ɓoye ba. Na canza hanya, ba babur biyu da za su tsaya wuri guda, lokacin kuwa ko Abbas bai sani ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Rakiya da ƴarku Khadija da mutanen Ƙofar Durbi. Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makoma. Hajiya, ke kika san zuciyarsa. Zan zo in durƙusa a gabanki kafin mu tafi.