Ranar da Na Ja Karen Madam a Igiya

Ku gyara zama, 'ya'yana masu aikin gida, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, gwiwoyina ne shaida.

Ban taɓa mantawa da ranar da na fara fita da karen Madam Rifkatu ba. Lokacin haƙar citta ne. Ni Saratu, mutuniyar Fadan Kagoma, na daɗe ina aiki a gidanta a Kafanchan, tun tana nas har ta yi ritaya. Aikina shara, wanki da girki. Ba a taɓa cewa har da kare ba.

Karen na marigayi mijinta ne, Bingo, ƙato mai jan gashi, irin na Turawa. Da maigida yana da rai, shi ke fita da shi safe da yamma. Mu a zatonmu maigida ne ke miƙe ƙafa, kare ɗan rakiya ne kawai. Da ya rasu, sai muka ɗaure Bingo a gindin mangwaro, muka riƙa cika masa kwano. Madam, don tausayi, har kan kifi take ƙara masa.

Ba a jima ba kare ya canza. Ya yi ƙiba, ya tona rami a gindin bishiya, ya tauna takalmin da Madam ke zuwa coci da shi. Sai ya yi ta zagaya mangwaron har igiya ta shaƙe shi, ga haushi ba hutawa. Ishaku, ɗan Madam, ya zo daga Kaduna ya gani, ya ce, "Mama, karen nan ya haukace. Kafin ya ciji ɗan wani, a ba Danladi." Danladi shi ne mai sayen karnuka yana kai wa masu farfesun kare. Madam sai hawaye. Cikin abin da mijinta ya bari, Bingo kaɗai ke numfashi.

Ta roƙa a kira likitan dabbobi tukuna. Wata mace ce ta zo a kan babur. Ta duba idonsa, ta duba bakinsa, ta ce, "Yaushe rabon a fita da shi?"

Madam ta ce, "Tun jana'iza."

"To ba hauka ba ne, Mama, zama ne ya ishe shi. Ƙaramin kare ko tsoho, 'yar tafiya ta wadatar. Irin wannan kuwa sai an fita da shi safe da yamma, kamar daga nan zuwa tashar jirgi a dawo, har ya zaro harshe. Kullum, ba fashi."

Ishaku ya ce, "In bai natsu ba, maganata tana nan. Amma wa zai riƙa fita da shi?"

Madam tana fama da hawan jini, ƙafa a kumbure. Ishaku zai koma Kaduna. Sai duk suka juyo suka dube ni. Ku da kuke aikin gida kun san irin wannan kallo.

Washegari na ɗaura ɗamara, na kama igiya. To, a wajenmu kare da kansa yake yawonsa. Ba a jan kare a igiya sai ranar da za a sayar da shi. Ko ƙarshen layi ban kai ba, wani mai keke ya leƙo, "Kaka, nawa ƙarshe?" Hajiya mai ƙosai ta janye zaninta, "Mama Saratu, don Allah yi can da shi, ina da alwala." Bingo kuwa jana yake kamar bijimi ya hango gida, ina binsa ina haki.

A mararrabar layin dogo muka yi kiciɓis da Danladi, da kejinsa na ƙarfe a bayan babur. Ashe Ishaku ya riga ya yi masa waya, kuma ya manta bai ce an fasa ba. Danladi ya sauko yana murmushi, ya kama igiyar.

"Sannu, Mama. Ai da kin bari na zo da kaina."

Na ce, "Ba sayarwa na kawo ba. Yawo muke yi."

"Yawo? Ke da kare? Haba Mama, ki ji tsoron Allah. In wani ya yi miki tayi ne, ki faɗa."

Ya fara jan Bingo wajen keji. Ba ni da ƙarfin ja da shi, ba ni da bakin da zai yarda da shi. Sai na naɗe igiyar a hannuna, na zauna daɓas a ƙasa, na ce, "Ɗana, sai dai ka saka mu a kejin mu biyu."

Mutane suka taru, masu dariya na yi. Ina nan zaune cikin ƙasa, igiya na yanka mini fata, har Danladi ya samu Ishaku a waya, ya ji an fasa. Ya saki igiyar yana girgiza kai.

"Tunda nake, ban taɓa ganin mutum na yi wa kare aiki ba."

Na ce, "Yau ka gani. Ba ni hannu in tashi."

Da muka koma gida, Bingo ya sha ruwa, ya je ya kwanta a ƙafar Madam, ya yi barci. Madam ta ɗora hannu a kansa, ta ce, "Saratu, Ubangiji ya saka miki." Ba ta ga hannuna ba, ni ma ban nuna ba. Akwai wanki yana jirana.

Haka muka ci gaba, damina da rani. Kare ya natsu, ƙibarsa ta zube, gari ya saba da mu har aka daina taya shi.

Danladi ya bar sana'ar, yana sayar da doya yanzu, in ya gan ni sai ya ce, "Ina maigidanki?" wai Bingo yake nufi. Ishaku yana Kaduna. Madam ta koma ga Ubangiji a kujerarta, Bingo na kwance a gefenta. Shi ma bai daɗe ba ya bi ta, da tsufa, ba da wuƙa ba. Ni kuma ga ni a Fadan Kagoma, da sanda nake zuwa coci.

Abin da aikin gida ya koya mini ke nan, 'ya'yana. An kira likita an tambayi tafiyar da kare ke buƙata a rana. Ba wanda ya tambayi wadda ƙafata za ta iya.